Kalangu a Bayana

Doka ta farko a aikinmu ita ce ba a juyawa. Ka tsaya a ramin da ke tsakanin dandamali da shingen ƙarfe, fuskarka ga jama'a, bayanka ga makaɗa, ko da sama ce za ta rufto a bayan naka. Wahid, ɗan Masar ɗin da ke shugabantar mu masu gadi, ba ya gajiya da maimaita ta kafin kowane wasa.

"Wanda ya juya, khalas," in ji shi, yana jan yatsa a maƙogwaro.

Kuma ba tsoratarwa yake ba. A gabana ya karɓe katin aikin wani ɗan Nepal don ya waiga ya kalli wata mawaƙiya, waigen da ko numfashi bai kai ba.

Saboda haka ni Ɗalhatu na halarci manyan wasannin kiɗa a Doha fiye da yawancin masu kuɗin garin, amma ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Da baya nake kallo. Kada ka yi dariya, bayana yana da kunne. Ɗan makaɗa ne ni. Mahaifinmu, marigayi Aruna, shi ne makaɗin mahauta a Malumfashi, kuma a gidanmu kalangu ba kiɗa kawai yake yi ba, magana yake yi. Da shi Baba ke kiranmu cin tuwo, da shi yake zaginmu in mun daɗe a waje. Ni Allah ya ba ni kunnen amma ya hana ni hannun, don in na buga ko kaji ba sa ɗaga kai. Hannun ƙanena Mudasiru ya gada. Bahago ne, dogo siriri, in ya matse kalangu a hammata sai ka ga tsohuwa ta ajiye kwano ta gyara ɗauri.

Mudasiru ya bi hanyar Agadas yana neman Turai, bai cika shekara da aure ba. Bayan watanni wani ɗan garinmu da suka shiga kwale-kwale ɗaya ya dawo, ya zauna a zaurenmu ya rantse cewa da idonsa ya ga ruwa ya tafi da shi. Aka yi masa salla ba gawa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa Haulatu ta yi takaba a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Da ta fita, Inna ta ce ba za ta iya ganin yarinyar nan ta bar gidan ba, ta dube ni. Na aure ta don Inna, wannan gaskiya ne. Abin da ban yi tsammani ba shi ne zan wayi gari ba na iya rufe ido sai na ji muryarta. Muna da 'ya, Basiratu, har ta shiga islamiyya. Don su biyun nake tsaye a ramin nan ina ba mawaƙan duniya baya.

Ranar farko da aka kai ni wasan masu jita, irin kiɗan da suke kira rok, na ɗauka annoba ce ta sauka. Samari da gashi har kafaɗa suna ta kaɗa kai kamar masu iska, har na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Can sai na hango an ɗauko wani a bisa hannuwa ana miƙo shi gaba, ba makara ba likkafani. Na ce inna lillahi, sun kashe shi. Da ya iso shinge na tare shi, sai gawar ta yi mini dariya ta ruga ta koma baya don a sake ɗauko ta. To wannan shi ne aikina: in cafe masu zuwa a kan hannuwa kafin su fasa kai.

A hankali kiɗan ya shige ni, ban kuwa gayyace shi ba. Na gane cewa a ƙarƙashin hayaniyar akwai lissafi. Na fara bambance mai ganga na gaske da mai dukan tukwane. In ƙungiya ta iya, a ƙashin bayana nake fara sani, sannan in gani a fuskokin da ke gabana. In ba su iya ba, duk hasken wuta da hayaƙin duniya ba ya rufa musu asiri.

Wanda ya fi ni hauka a kan abin shi ne Bawah, abokin ɗakina a masaukinmu da ke kusa da Asian Town. Ɗan Zangon Kumasi ne, yana aiki da masu raba ruwa a filin wasa. Hausarsa ta ishe ni dariya shekara guda, don ba ta raba mace da namiji. Sai ya sauko daga gadon sama ya ce, "Ajaratu ya kira ni, ya ce ya haihu lafiya."

"Bawah, matarka ce fa. Ta haihu."

"Eh, shi ne na ce. Ya haihu."

Akwai wata ƙungiya daga Italiya da Bawah ke mutuwar so, wai ma'anar sunansu Gishirin Hunturu. Duk garin da suka je a zagayensu, sai ya nemo bidiyon a waya, ya toshe kunne ya kwanta yana girgiza mana gado. Ya san waƙar da suka buɗe da ita a wannan birni, da wadda suka rufe da ita a wancan, da inda mai jita ya tsinke tsirkiya ya ci gaba kamar ba a yi ba. Da aka ce za su zo Doha, kwana ya yi yana roƙon a sa shi a ramin gaba.

"Cale, sai ka ji wurin dondo," ya ce da ni a motar da ke kai mu aiki. "Wallahi in sun kai wurin dondo, gashin jikinka duka zai tashi."

Cale na sani, aboki ke nan a garinsu, amma na ɗauka dondo sunan wata jita ce. Ban tambaya ba.

Lokacin sanyi ne, filin a buɗe yake a bakin teku. An fara da ƙananan ƙungiyoyi tun la'asar, aka tsaya don magariba, sannan Gishirin Hunturu suka hau. Tun bugun farko na san Bawah bai yi ƙarya ba. Mai gangarsu ba ya gaggawa. Yana zama a bayan kiɗan kaɗan, yana jan shi, har sai ka ji kamar za ka faɗi sannan ya tare ka. Jita biyu suna cacar baki, ɗaya na kuka ɗaya na gurnani. A gabana 'yan Filifin da Indiyawa da Larabawa da Turawa sun zama abu ɗaya, suna tsalle tare har shingen na bugun ƙirjina. Wani dattijo mai furfura ya rufe ido yana rera kowace kalma, hawaye na bin gemunsa. Na cafe mutum uku ko huɗu na sauke, ina jin daɗi a raina, ina cewa yau kam an zo da makaɗa.

Sai aka rage wuta. Jitocin suka yi ƙasa. Jama'a suka fara ihu tun kafin a yi komai, alamar sun san abin da ke tafe.

Daga bayana kalangu ya yi magana.

Ban ce wani abu mai kama da kalangu ba. Kalangu, da tsirkiyarsa da matsarsa, an sa masa lasifika har ya cika bakin teku. Wato dondon Bawah ke nan. Na cire abin toshe kunnena. Dubban mutanen nan suna jin kiɗa ne, ni kaɗai nake jin Hausa.

Haulatu mai lalle, in ji kalangun. Haulatu mai yanga.

Wannan take ba na kasuwa ba ne, ba a taɓa buga shi a biki ba. Mudasiru ne ya ƙirƙire shi lokacin da yake neman Haulatu. A bayan katangar gidansu yake tsayawa ya buga, ita kuma ta fito da sunan zubar da shara. Mu 'yan gida kaɗai muka san shi, kuma na san yadda yake ƙarewa: ko an ƙi ko an so, ta Mudasiru ce.

Amma mai bugun bai ƙarasa ba. Ya kai "mai yanga" ya tsaya, jitoci suka amsa masa. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa, jama'a na ihu suna roƙo. Ni kuwa ina tsaye ina kallon wata yarinya mai fenti a kumatu, ba na ma ganin ta. Mamaci ba ya kiɗa. In kuwa ba mamaci ba ne, to matar wa nake aure?

Bawah ya zo wucewa da kwalin ruwa a kafaɗa, bakinsa har kunne. Shi aikinsa ya ba shi damar kallon inda ya ga dama. Na damƙi hannunsa ba tare da na kau da fuska daga jama'a ba.

"Wa ke buga kalangun nan?" na yi masa ihu a kunne.

"Mai gangan su ne! Ya sauko da kansa!"

"Yaya yake?"

"Dogo ne, siriri! Da hagu yake bugawa, cale, duba hannun sa!"

Dogo. Siriri. Bahago. Na saki Bawah.

Ba zan ɓoye abin da ya zo mini a rai ba, don ba laifi ba ne mutum ya ji abu biyu a lokaci ɗaya. Rabin zuciyata na cewa Allah ka sa shi ne, ƙanena, wanda na goya a bayana. Ɗaya rabin na cewa kada ka juya, Ɗalhatu. Doka ma ta hana ka. Ka tsaya yadda kake, su gama su hau jirgi su tafi, ka riƙe aikinka, ka riƙe matarka. A gefen ido ina hango Wahid a ƙarshen rami, hannu a ƙugu.

Kalangun ya sake cewa, Haulatu mai lalle.

Na juya.

Hasken ya fara kashe mini ido. Da na gani sosai, sai ga mutum a bakin dandamali, dogo siriri, kalangu a hammatar dama, makaɗi a hannun hagu. Har karkata kan irin na Mudasiru ne. Amma mace ce. Baturiya ce, da jan gashi an aske gefe ɗaya, zanen tawada tun daga wuya har yatsu. Na tsaya baki buɗe. Ban san ko in yi hamdala ko in yi kuka ba.

A daidai nan duk sauran kayan kiɗa suka ɗauke. Filin ya yi tsit. Ta matse kalangun, ta ɗauko taken daga farko, a hankali, kuma wannan karon ta wuce.

Haulatu mai lalle. Haulatu mai yanga. Ko an ƙi ko an so, ta Ɗalhatu ce.

Sunana. A fili, ba kuskure, yadda Baba ke kiran sa in tuwo ya sauka. Matar da ban taɓa gani ba ta kira sunana a gaban Doha duka, ba ta ma san ta kira ba.

Jitoci suka fashe, jama'a suka haukace. Wani ƙato da aka miƙo a kan hannuwa ya iso wurina bai tarar da mai cafewa ba, ya zubo ta kan shinge ya bugi ƙafata. Allah ya taimake ni bai ji ciwo ba, ya tashi yana dariya. Wahid bai yi dariya ba. Ya finciki katin da ke wuyana, ya nuna mini hanyar baya.

"Yalla, waje! Ka jira mota. Gobe ofis."

Ban ba shi haƙuri ba. A lokacin ko fasfo ɗina ya yaga ba zan lura ba.

Na zauna a bayan dandamali inda manyan motocin kaya suke, a kan wani baƙin akwati. Bawah ya biyo ni a guje, ya ajiye kwalinsa.

"Cale, me ya same ka? Kai da ba ka juyawa ko bam ya tashi?"

"Ka ce mini dogo ne. Mace ce, Bawah!"

"Eh, mace ne. Na ce maka namiji?"

Na dube shi. Shekara guda ina yi wa Hausarsa dariya, yau ta rama. Da ya ce mini "doguwa ce", wataƙila da ban juya ba, da yanzu ina da aiki. Na so in shaƙe shi, amma ba ni da ƙarfin.

"Amma yau ya yi kuskure," in ji Bawah, yana girgiza kai irin na masani. "Na kalli wurin nan a kowane gari da suka je. Ƙarshen ya fi haka tsawo. Yau ya yanke bugu ɗaya."

"Yaya yake a sauran garuruwan? Yi mini."

Ya yi da baki, yana buga cinya. Ta Mudasiru ce. Haka ta buga a duk inda suka je, sai a Doha.

"Ba kuskure ba ne," na ce.

Ba a daɗe ba aka tashi. Makaɗan suka sauko ta gangaren baya, tawul a wuya, mutanensu kewaye da su. Ba yadda za a yi mai gadin da aka kora ya matsa kusa. Sai na tuna taken yana da amshi, ɗan gajere, wanda ni nake yi wa Mudasiru a kan garwa in na raka shi zance. Na juya akwatin da nake kai, na buga shi da tafin hannu. Hannuna bai taɓa daɗi ba, amma amshin daidai yake.

Baturiyar ta tsaya cak. Ta ture hannun wani da ke jan ta, ta taho har inda nake.

"A ina ka san wannan?" ta tambaye ni da Turanci. "Mutum ɗaya na sani a duniya da ke yin sa."

"Wa ya koya miki kalangu?"

"Muda. Shi ke gyara mini ganguna a garinmu. Kallon hannunsa na yi ta yi har na koya, shi ya sa nake bugawa da hagu. Ni ba bahaguwa ba ce."

"Yana da rai?"

Ta yi dariya, sannan ta ga fuskata ta daina. "Jiya ma mun yi magana. Lafiyarsa ƙalau. Masunta ne suka tsamo shi daga teku, ya daɗe a asibiti, ya daɗe a sansanin baƙin haure ba waya ba takarda. Ya taɓa ce mini ya mutu sau ɗaya, da ya farka ya duba hotunan gida a intanet sai ya ga mutuwar tasa ta zauna wa kowa daidai, bai ga dalilin tashe su ba. Na ɗauka irin zancensa ne."

Na riƙe akwatin da hannu biyu don kada in zame.

"Da ya ji za mu zo Doha," ta ci gaba, "sai ya sa ni na canza ƙarshen. Ya hana ni barci a kansa har sai da na iya. Ya ce a Doha kaɗai zan buga shi haka. Akwai wani a garin, in ji shi, in bai ji a fili ba zai ji a waya. Na tambaye shi me yake nufi, ya ce kiɗa ne kawai." Ta durƙusa ta dube ni. "Ba kiɗa kawai ba ne, ko? Me yake cewa?"

"Sunana ne," na ce. "Yayansa ne ni."

Ta rufe baki da hannu. Bawah ya ce "Ya Allahu" ya zauna a ƙasa daɓas. Ta karɓi wayata ta sa mini lamba, ta rubuta Muda a kai. Ana ta kiran ta, ta rungume ni da zufarta da komai, ta tafi tana waige.

Bawah ya koma tattara kwalayensa, na rage ni da lambar. A nan ne fushi ya zo mini, fushin da ban taɓa yi ba. Wato yana can yana gyaran ganguna, Inna kuwa kowace Juma'a sai ta soya waina ta raba wa yara sadaka don Allah ya haskaka kabarin da babu shi. Idonta ya lalace da kuka. Haulatu ta yi wata huɗu da kwana goma ba kwalli ba turare a kan mutumin da ke numfashi. Sannan yanzu ya aiko mini da kyauta ta hannun Baturiya, a gaban jama'a, da jita da hayaƙi. Ta Ɗalhatu ce. Sannu da karamci! Wa ya ce masa ana sakin mace da kalangu?

Bayan fushin kuma sai tsoro. Ni kaɗai na ji abin da gangar ta ce. Bawah ba zai faɗa wa kowa ba in na roƙe shi. Yatsa ɗaya zan sa lambar ta goge, Mudasiru ya koma teku, shi ma abin da ya zaɓa ke nan. Na ɗora yatsan a kai. Na daɗe a haka.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Haulatu ce. Kullum warhaka take kira, kafin a yi magariba a gida, don Doha ta riga su da awa biyu.

"Baban Basiratu, ya aiki? Ina jin hayaniya, ba ku tashi ba?"

"Mun tashi."

"Me ya sami muryarka?"

Na buɗe baki in ce mura ce. Abin da ya fito daban.

"Haulatu, zauna. Mudasiru yana da rai."

Na faɗa mata duka, tun daga kalangun har Baturiyar. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ina jin Basiratu a tsakar gida tana rera karatun islamiyya, ina jin akuya.

"Buga mini in ji," Haulatu ta ce.

Na ajiye wayar a kan akwatin na buga, da mugun hannun nan nawa, har ƙarshe. Ta zauna gidan makaɗa, ta san abin da ya ce.

"To," ta ce. Muryarta ba rawa. "Shi ya bayar, kai ka karɓa. Ni fa, akwai wanda ya tambaye ni?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ba ni lambar."

"Haulatu..."

"Ba ni lambar."

Na karanta mata, ɗaya bayan ɗaya. Ta maimaita, ta kashe.

Motarmu ta zo. Na shiga na zauna a baya, Bawah a gefena, yau ko waya bai taɓa ba. Sauran masu gadi suna ta labarin wasan, wani na cewa bai taɓa jin ganga irin ta yau ba. Na kira Haulatu, aka ce tana kan wani kiran. Muka wuce dogayen gine-gine, na sake kira, haka. Muka shiga hanyar masana'antu, tirela gaba tirela baya, na sake kira, haka dai. Ban taɓa jin tsoro irin na cikin motar nan ba. Sai da fitilun Asian Town suka bayyana sannan wayar ta yi ƙara.

"Shi ne," ta ce. Ta yi kuka, na ji a hancinta. "Na zage shi, ban rage komai ba. Na ce ya kira Inna yau ɗin nan, kafin ya sake taɓa wata ganga. Na kuma ce in yana da magana ya faɗe ta da bakinsa kamar ɗan Musulmi. Ya faɗa. Ya sake ni."

Na sauke numfashi. "To alhamdu..."

"Tsaya, ban gama ba. In yau ya sake ni, to jiya matar wa ce ni? Gobe za mu je wurin malam da Inna, amma ni na san abin da zuciyata ta gaya mini. Na kwashe kayana daga ɗakinka, na koma ɗakin Inna. Zan yi idda."

"Haulatu, ni fa ban yi komai ba."

"Na sani. Ni ma ban yi ba. In na gama, in kana so, ka zo ka nema kamar kowa. A tambaye ni wannan karon. Kuma kada wanda ya zo mini da kalangu."

"In na nema za ki yarda?"

A bayanta na ji an fara kiran salla a masallacin unguwarmu, na ji Basiratu na tambaya ko Baba ne.

"An kira magariba," in ji Haulatu. "Sai da safe, Yaya Ɗalhatu."

Rabon da ta kira ni da wannan sunan tun tana amaryar ƙanena.